Salansar da ta raba ni da Hanifa

Jama'a, faɗuwa gwajin MOT, wato gwajin lafiyar mota na nan Ingila, ta yi mini rana yau!

Kun san salansar nan mai ƙara da na sa wa motata. A wurin gwajin aka ce hayaƙinta ya wuce ƙa'ida. Wani bakanike a unguwar Erdington ya ce, "Mayar da ta asali." Na mayar ina ƙunƙuni.

Na iso gida, mota ba ƙara. Sai ga ƴata Hanifa, wadda kullum take ɓuya idan na dawo, ta rugo ta rungume ƙafata. Ni da nake zargin uwarta ce ke zuga ta ta guje ni!

Uwar ta ce, "Abban Hanifa, ba kai take gudu ba, ƙarar motarka ce. Bayan kujera take shiga ta toshe kunne."

Kunya ta kama ni, na nemi gafararta.

Hanifa ta ja hannuna ta ce, "Daddy, gobe ma ka dawo a hankali."