Igiyar Hular Bappa Ladan

Duk wanda ya taɓa zuwa kallon ƙwallo a Gwandu ya san hular Bappa Ladan tun kafin ya san mai ita. Da zarar yaransa sun jefa ƙwallo a raga, sai ka ga hula ta yi sama, ta tsaya cak kamar an kira sunanta, ta dawo ta faɗo masa a kafaɗa. Igiya gare ta! Siririyar igiyar ɗinkin buhun albasa ce, gefe ɗaya a jikin hular, ɗayan a maɓallin rigarsa. Mutumin da motocin albasarsa ke zuwa har kudu, amma ka yi masa maganar igiyar nan sai ya harare ka ya ce, "In jehwa hulata wani ɗan banza ya tahi gida da ita? Murna nika yi, ba sadaka ba."

Ku da kuka san shi, na san kun fara dariya. Ni ma dariyar nake yi, sai dai tawa ba ta nisa.

Ni ɗan Malam Garba ne na Kalgo. Mahaifina da Bappa Ladan taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji, kuma tun suna yara kowannensu ke cewa ɗayan bawansa ne. Da suka girma suka rasa abin faɗa a kai, sai Allah ya kawo musu ƙwallo. Bappa ya kafa Shahon Gwandu da ribar albasa. Baba, wanda tsohon hedimasta ne, ya tattara yaran da ya koyar ya kafa Kadan Kalgo da ɗan abin da fansho ya bari. Gasa ɗaya suke bugawa, ta ƙananan kulob-kulob. Amma ban taɓa jin Bappa ya ce Kada ba, Ƙadangarun Kalgo yake cewa. Baba kuwa bakinsa bai iya faɗin Shaho ba, sai dai Kajin Gwandu.

Tsumulmular Bappa kuwa ai ba a magana. A hutun rabin lokaci lemu yake raba wa 'yan wasa, kowa ɓari guda, da wuƙarsa yake yankawa da kansa. In suka ci wasa, ranar kowa ya sami lemu sukutum. In aka yi canjaras ya ce su raba yadda suka raba maki.

Akwai ranar da aka tashi wasa, wani ɗan gabansu da ya ga ana yi a talabijin ya tuɓe jesinsa ya yi musaya da ɗan bayan Kalgo. Bappa bai ankara ba sai da motarmu ta bar gari. Wallahi kabu-kabu ya hau ya biyo mu har Kalgo, babbar riga na tashi a baya. Ya tarar da Baba a ƙofar gida.

"Garba, ba ni rigata."

"Wace riga, bawana? Yaro yab ba yaro kyauta, mi nau ciki?"

"Rigar ubanai ta? Ni nas saye ta!"

Baba ya ƙi bayarwa. Da damina ta yi, ya kai jesin gonarsa ta Wurogauri ya sa wa mutum-mutumi, ya aika wa Bappa cewa ga Shaho nan an ba shi aikin korar tsuntsaye, amma tsuntsayen sun gane kaza ce, har sauka suke yi a kansa. Bappa ya yi wata guda ba ya gaishe mu. A cikin watan nan kuma buhun albasarmu bai fasa zuwa ba, sai dai direba ya ce an ce a faɗa mana ba don Garba ba ne, don yara ne.

To, ana nan sai wani matashin attajiri, Alhaji Kabiru, ɗan asalin Gwandu da ya yi arziki a Abuja, ya sa ido a kan Shaho. Ya zo rumfar Bappa da mota mai baƙin gilashi, ina zaune. Yaro ne mai ladabi, har ƙasa ya durƙusa. Ya ce yana son ya zuba jari a kulob ɗin, a sayar masa da rabi, zai kawo koci, ya kawo motar 'yan wasa, ya gyara fili.

Bappa ya bar shi ya gama tsaf, sannan ya ce, "Rabi kac ce?"

"Rabi, Bappa."

"Wane rabin? Masu gaba ko masu baya? To mai tsaron gida hwa, guda na, tsaga shi za mu yi?"

Alhaji Kabiru ya yi dariya, ya fara bayanin hannun jari. Bappa ya miƙa masa albasa biyu ya ce ya kai gida a yi miya, Shaho ba na sayarwa ba ne ko duniya za ta naɗe. Duk shekara yaron sai ya dawo, duk shekara ya koma da albasa biyu.

Sai ciwo ya kama Baba. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Mutumin da muryarsa ke tsayar da makaranta guda ya koma sai ido da hannun hagu. Bappa ya mai da Kalgo gida, duk Juma'a bayan masallaci yana nan. Ba ya tambayar jiki. Zama yake a bakin gado ya ce, "Kai Garba, lalaci na. Ka ga Ƙadangarunka za su sha kashi, shi ya sa kal laɓe bisa gado." Sai ka ga gefen bakin Baba mai rai ya motsa, ya ɗaga hannun hagu yana neman dukansa. Ranar ce kaɗai a mako yake cinye abincinsa.

Kulob ɗin Baba kuwa ya fara mutuwa a hannuna. Ni malamin makaranta ne, ga magani, ga gida. Motar zuwa wasa ta gagara, rajista ta gagara. Hukumar gasa ta ce kulob ɗin da ba shi da mai ɗaukar nauyinsa kafin a buɗe sabuwar kaka, za a cire sunansa. Na zaga Kalgo, kowa ya yi mini jaje, ba wanda ya karɓa. Na je wa Alhaji Kabiru, ya ce shi na garinsu yake so. Da na rasa yadda zan yi na gaya wa Baba. Ya juya fuska ga bango. Daga ranar ko kunu sai da magiya, kuma Juma'ar da ta biyo baya Bappa ya yi tsiyarsa har ya gaji, hannun hagun nan bai ɗaga ba.

A zaure Bappa ya tare ni. "Mi kuka yi mai?"

Na faɗa masa.

"Ɗan wanga abu? Ni za ni riƙe su. Ƙadangaru nawa suka ci?"

Washegari muka tafi ofishin hukumar gasa. Sakataren, mutumin kirki, ya saurare mu, sannan ya ce doka ta hana mutum ɗaya mallakar kulob biyu a gasa ɗaya.

Bappa ya ce, "Rumhwa biyu gare ni kasuwa guda. Ba a taɓa kama albasar wagga tana yi wa albasar waccan sauƙi ba."

"Alhaji, albasa ba ta buga wasa da 'yar uwarta. Ranar da Gwandu ta haɗu da Kalgo, duka naka ne, wa za ka ce ya ci?"

"Wanda Allah yab ba!"

"Ni na yarda da kai. Sauran kulob-kulob ne ba za su yarda ba."

"To ban saye ba. Kyauta za ni ba su."

"Ita ma dokar ta hana. Mai kulob ba ya ɗaukar nauyin abokin karawarsa, ko kuɗin mota ne."

"Ko lemu?"

"Ko lemu, Alhaji."

A hanyar dawowa na kawo dabara. Na ce a bar kulob ɗin da sunana, shi ya riƙa turo abin da ya samu a ɓoye, wa zai sani? Ya juyo ya dube ni har na ji kunya. Ya ce, "Nasiru, tun ba a haihe ka ba nika ɗinkin buhu, ban taɓa sa ruɓaɓɓa ƙasa in ruhe da mai kyau ba. Sai yanzu da hurhura, don ƙwallo?"

Cikin makon nan ya aika aka kira Alhaji Kabiru. Ya sayar masa da Shahon Gwandu, ba rabi ba, gaba ɗaya. Sharaɗi ɗaya ya kafa, kada a canja suna. Sannan ya koma ofishin ya sa hannu a matsayin mai Kadan Kalgo. Sakataren ya tambaye shi ko ya tabbata, ya ce a ba shi biro kafin ya dawo hayyacinsa.

Gwandu ba ta yafe masa da wuri ba. Wasu suka ce kuɗi ya gani, wasu suka ce ya ci amanar gari. Majalisar da yake zama da yamma ta riƙa yin tsit in ya iso. Shi kuma girman kai ba zai bar shi ya ce don Garba ya yi ba. In an matsa masa sai ya ce kiwon ƙadangaru ya fi sauƙi, ba su cin hatsi. Alhaji Kabiru ya cika alkawari, ya kawo koci da mota da sababbin jesi, yaran har lemun kwalba suke sha a hutun rabin lokaci. Bappa ya ji labari ya ce za su yi tumbi.

Ranar da na fi tunawa ita ce haɗuwar farko bayan cinikin, a filin Gwandu. Bappa ya shigo ta ƙofar baƙi, ya zauna a bencinmu, yana kallon inuwar da ya yi shekara da shekaru yana zama a cikinta. Ba a daɗe ba Shaho ya zura mana ƙwallo, kuma yaron da ya ci ɗin shi ne mai musayar jesi. Fili ya ɗauka. Na ga hannun Bappa ya yi sama da kansa ya cafki hula. Sai ya tsaya a nan. Ya danne ta a kansa da hannu biyu kamar mai gudun iska, ya sunkuyar da kai. Yaron ya rugo wajensa da murna yadda ya saba, sai da ya zo tsakiya ya tuna, ya juya. Ban taɓa jin tausayin babban mutum irin na ranar ba.

Daga fili muka wuce wajen Baba. Bappa ya zauna a bakin gado, ya rasa ta inda zai fara, don yanzu ɓangarensu ɗaya. Ya yi gyaran murya ya ce, "Garba, Kadanmu sun yi ƙoƙari."

Baba ya ɓata rai. Ya ɗaga hannun hagu ya kai masa duka a gwiwa, ya sake kai masa. Bakinsa na ta rawa, muka matso. Da ƙyar, da wata murya da ba mu ji ba tun kwanciyarsa, ya ce, "Ka… ji."

Bappa ya yi tsalle ya miƙe. "Kaji? Kajin sun ci Ƙadangarunka! Ƙadangarun banza da kab bar min gado, ko gudu ba su iya ba!" Yana zagi hawaye na bin gemunsa, Baba na dariya da rabin baki. Ranar Baba ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari.

Baba ya ƙara damina ɗaya, Allah ya karɓi abinsa. Bayan sadakar arba'in mutane suka ce wa Bappa, tunda wanda ka yi dominsa ya tafi, saki Kalgo ka dawo gida. Alhaji Kabiru da kansa ya zo ya ce kujerarsa na nan, ya dawo ko a matsayin uban kulob. Bappa ya ce, "In sake su wa zai riƙe? Garba ya dawo ya iske na watsar mai da Ƙadangaru?" Ya ci gaba da yanka musu lemu ɓari-ɓari. Kalgo ta yi ta cin wasanni a hannunsa, amma hular ba ta taɓa barin kansa ba. Ya ce ita 'yar Gwandu ce, ba ta san hanyar sama a Kalgo ba.

Wasansa na ƙarshe a Kalgo aka yi, da Gwandu. Jikinsa ya riga ya yi sanyi, a kujera muka kawo shi bakin fili. Ana dab da tashi ba wanda ya ci, sai wani ɗan ƙaramin yaronmu, cikin na ƙarshe da Baba ya koyar, ya sa kai ya jefa ta a raga. Ina cikin ihu na ga hula ta wuce ta saman kaina. Na jira ta tsaya cak ta dawo. Ba ta tsaya ba. Ta yi sama, ta karkata, ta faɗa cikin taron yara, ban ƙara ganin ta ba. Na waiga, ga Bappa kai ba hula, wuƙar lemu a hannunsa, guntun igiya na lilo a maɓallin riga.

Na ce, "Bappa, hularka! Bari in sa a nemo."

Ya riƙe hannuna. "Bar ta. Wagga ta Garba ta."

Bai sake zuwa fili ba. Ranar jana'izarsa a Gwandu, yaran Shaho suka kama makara ta gaba, yaran Kada ta baya, ba wanda ya tsara musu. Kulob ɗin yanzu yana hannun 'yan kasuwar Kalgo da suka haɗa kai, kunya ta kama su bayan abin da baƙo ya yi musu. Rigar da Bappa ya sa ranar wasan nan iyalinsa suka ba ni, ban kwance guntun igiyar ba.

Allah ya jiƙan Bappa Ladan, ya jiƙan Baba. Kabarin ɗaya na Gwandu, na ɗaya na Kalgo. Ya Allah ka yafe musu kurakuransu, ka haskaka makwancinsu, ka haɗa su inuwa ɗaya a Aljanna, inda ba sai ɗaya ya rabu da nasa ba kafin ya riƙe na ɗan uwansa. Amin.