Likitar da Ba Ta Hutu a Watan Fatalwa

A taƙaice, kamar yadda muka saba rubutawa a ofishin rajistar iyali kafin in yi ritaya: Likita Liao Pi-hsia, ta sashen kunne da hanci da maƙogwaro a asibitin garinmu na kudancin Taiwan, za ta ajiye aiki a ƙarshen wannan wata. A tsawon aikinta ta ceci idanun mutane da dama, har da idon hagu na yayana. Iyalan da abin ya shafa sun yi godiya yadda ya kamata. Sai dai ba wurinta aka kai godiyar ba.

Kowace safiya takan iso a kan tsohon babur ɗinta, ta sayi madarar waken soya a bakin ƙofa, ta shanye a tsaye, sannan ta shiga leƙa hancin jama'a. Ba aiki ne da ake yi wa waƙa ba. Ba ta da fara'a, ba ta kuma taɓa roƙon a ce tana da ita ba.

Idan wata na bakwai na kalandarmu ta gargajiya ya kama, watan da ake buɗe wa matattu ƙofa su zo yawo, ba ma ɗaura aure, ba ma tarewa a sabon gida, ba ma yarda wuƙar likita ta taɓa mu. Ɗakin tiyata kan yi tsit, likitoci su tafi hutu. Ita ba ta tafiya. Dalilinta shi ne, murar da ta daɗe takan tara mugunya a ramukan ƙashin da ke gefen hanci, kuma abin da ya raba ramukan nan da kwarmin ido ƙashi ne mai kaurin takarda. Idan mugunya ta ɓalle ta danne jijiyar gani, babu batun jira. A watan nan ne kuwa muka fi zuwa a makare.

Bara abin ya zo gidanmu. Yayana Tien-sung, mai sayar da miyar kifi a kasuwa, ya yi ta fama da mura har fatar idonsa ta kumbura kamar ƙwan agwagwa. Sai da ƙwayar idon ta turo waje, ta daina juyawa, sannan matarsa A-Man ta yarda muka kai shi. Aka ɗauki hoton kansa, aka ɗaura masa ruwa da magani. Likita ta ce yau za ta shiga ta hanci ta zuƙe mugunyar.

"Yau? Likita, kin duba kalanda kuwa?" in ji A-Man.

"Na duba hoton kan mijinki. Ya fi kalanda gaggawa."

"A bari wata ya fita mana. Saura mako biyu kacal."

"Uwargida, fatalwa yawon wata ɗaya suke zuwa. Mugunya ba ta san wata ba."

Yaya ya ɗago daga gado ya ce, "Ni fa ko da ido ɗaya ina gane ruɓaɓɓen kifi."

"Na sha miyarka lokacin da kake da biyu," in ji ta. "Kada ka rage."

Ya yi dariya, amma bai sa hannu a takardar tiyata ba. Mu dangi muka jeru a baranda, kowa ya ga wani abin sha'awa a jikin takalminsa. A-Man ta tafi haikali neman shawara.

Washegari ta dawo da laya cikin ƙyalle ja wur. Likita Liao ba ta yi mata faɗa ba. Ta karɓi layar, ta rufe idon yaya na dama da tafin hannunta, ta ɗaga layar a gabansa.

"Wane launi ne wannan?"

Ya ƙura mata ido, sannan ya juya wajen matarsa. "A-Man, wane haikali ne ke ba da laya ruwan toka?"

A-Man ta dubi jan ƙyallen. Likita ta ce ja ne ke fara ɓacewa idan jijiyar gani ta soma mutuwa, sauran launuka su bi baya.

"Ki shiga da shi," in ji A-Man. "Amma a bar masa layar."

"Ɗaura masa a ƙafa. Can ba ni da aiki."

Ranar ita ce sha biyar ga wata, ranar babbar sadaka ga matattu. Daga baya wata nas ta gaya mini cewa a gidansu Likita an shirya teburin sadaka ana jiranta, domin shekarar ce mahaifinta ya rasu. Ba ta je ba. Tana cikin hancin yayana.

Ido ya tsira, ko da yake kwanan da muka ɓata ya tafi da rabonsa. Kafin a sallami yaya, labari ya gama kasuwa cewa laya ta sauya launi don ta gargaɗe mu. Muka kai wa haikali alade guda, muka ɗauki nauyin wasan 'yan tsana a ƙofarsa, muka rataye jan ƙyalle mai rubutun zinariya. Sunan Likita ba ya ciki. A unguwarmu ma har yau ba a gayyatarta biki, wai macen da ke yanka a watan fatalwa tana yawo da inuwarsu.

Ana cikin wasan ta zo wucewa a kan babur, ta tsaya, ta ɗan kalla, ta hango yaya a layin gaba.

"Mai miya! 'Yan tsanan nan ɗaya-ɗaya kake ganinsu ko biyu-biyu?"

"Ɗaya-ɗaya, Likita!"

"To. Ka zo Talata in wanke hancin."

Ta tayar da babur. Ko kujera ba mu miƙa mata ba.

Likita Liao, ke ce inuwar da muka fake a ciki muna zaginta. Ke ce kika zauna gadin rayayyu a watan da muka ba matattu duk hankalinmu. Mun gode, kuma mun san godiyar ta zo a makare, kamar yadda muka saba zuwa wurinki. Ga matasan likitoci ina roƙon ko mutum ɗaya ya ɗauki ɗabi'arta ta zama a wata na bakwai. Ga sauranmu, duk wanda mura ta kumbura masa ido a kai shi asibiti a ranar, a duba kalanda bayan an dawo.

Abin da lamarin ya ci: alade ɗaya, wasa ɗaya, jan ƙyalle ɗaya. Daga yayana, kusan rabin ganin idon hagu. Daga Likita Liao, sadakar farko ta mahaifinta. Abin da ta karɓa daga gidanmu: babu.