Jirgin da Clarrie Ya Rataye

Clarrie Pascoe ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗinka kujerun jirgin ƙasa a garin Ballarat. Da ya yi ritaya sai ya tare a rumfar bayan gida, yana ƙera ƙananan jiragen sama irin na yaƙin duniya na farko, masu fiffike sama da ƙasa, kowanne bai wuce kamu ɗaya ba. Ƙa'idarsa guda ce: abin da idonsa bai gani a jikin jirgin gaske ba, ba ya sa shi. Hoto ba shaida ba ne a wurinsa, don ba ya nuna inda yadi ya saki, balle yadda mai ɗinki ya karkata allura.

Akwai wani ɗan gidan tarihi a bayan gari mai tsohon jirgi guda, an ajiye shi a ƙasa an kewaye da igiya. Duk Laraba Clarrie na can da kujerarsa mai naɗewa. Masu gadi sun saba da shi, har sukan ɗaga masa igiyar ya leƙa mazaunin matuƙi. Wannan jirgin yake kwaikwaya, kuma ya san daga shi babu wani, don hannunsa na dama ya fara rawa. Matarsa Noelene kaɗai ta sani, tunda ita ke zura masa zare.

Ya haɗa jikin, ya lulluɓe da yadi, saura fenti da ɗinkin fiffike, sai aka rufe gidan tarihin don gyara. Da aka buɗe, ga jirgin can an rataye shi a rufi yana reto, ba a ganin komai sai tumbinsa, an jera teburan shan shayi a ƙarƙashi.

Shugabar wurin ta yi masa bayani cikin ladabi cewa yara sun fi sonsa haka, kuma akwai hotuna masu kyau a kanti. Ya roƙi tsani, aka ce inshora ba ta yarda ba. Ya dawo da madubi ɗaure a sandar kamun kifi don ya hango saman fiffiken, aka raka shi ƙofa. A mota, da suka kusa gida, ya ce wa matarsa:

"An kashe 'ya'yan mutane a irin wannan kujerar, Noelene. Yau an mai da ita fitilar ado."

Abokinsa Des, na ƙungiyar masu ƙera jirage, ya ce, "Kai tsoho, shafa wa saman fiffiken fenti ruwan ƙasa ka huta. Wa zai sani? Rabin alƙalan gasar ma ba sa gani."

Clarrie ya ce shi zai sani.

Ya ci gaba da zuwa gidan tarihin. Yakan sayi shayi don kada a tashe shi, ya zauna wuya a ɗage. A nan ya ga tabon mai a tumbin jirgin, da wani faci da aka ɗinka cikin gaggawa, zaren ya karkace. Duk ya kwaikwaye su a nasa jirgin, har karkacewar.

Ranar gasar baje kolin ƙungiyar, kowa ya ɗora jirginsa a tebur. Clarrie ya zo da tsani, Des ya hau ya rataye masa jirgin a rufi. Daga can Des ya ga saman fiffiken: farin yadi ne, ko ɗigon fenti babu. Ya sauko. Alƙalai suka ce ba za su iya ba da maki ba sai sun ga sama. Clarrie ya naɗe tsaninsa, ya gaya musu cikin ladabi cewa inshorarsa ba ta yarda ba.

Bai samu kyauta ba. Yanzu hannun ba ya riƙe burushi. Amma kujerar mai naɗewa tana nan a bayan mota, kuma duk Laraba Noelene kan kai shi gidan tarihin, ko an sauko da jirgin.