Ranar da Aka Juya Kujerar Baba

Baba bai taɓa yarda kunnensa ya yi nauyi ba. A cewarsa, mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki idan za su yi magana. Dillalin goro ne a kasuwar Adjamé, kuma shi 'yan kasuwarmu ke kawo wa rigima ya sasanta. Wata rana mutum biyu suka zo gidanmu a unguwar Bromakoté suna jayayya kan kaya, ya saurare su yana gyaɗa kai, ya ce wa kowannensu "gaskiyarka", suka fita suna zage-zage. Na ce abin ya isa haka. Tsorona kada mutane su daina zuwa wurinsa. Shi ma tsoronsa ke nan, shi ya sa yake ɓoyewa.

Na ɗauki katinsa na inshorar lafiya ta gwamnati, na shiga yawon neman likitan kunne. Duk asibitin kuɗin da na shiga, sakatariya za ta tarbe ni kamar ta ga 'yar uwarta, amma ina fito da katin sai na'urar gwajin ji ta lalace nan take. Wata har ta ce in dawo bayan salla, ba ta ce wace salla ba. Na gaya mata magana son raina, kuma ban yi nadama ba. Daga ƙarshe maƙwabciyarmu mai sayar da aceke, wato dambun rogo, ta kwatanta mini wani wuri a Treichville, kusa da tashar jirgin ruwa, inda ake karɓar katin.

Sai da na shirga wa Baba ƙarya cewa katin zai mutu in ba a yi amfani da shi ba, sannan ya sa babbar riga. Abin gwamnati ba ya wuce shi.

Likitar, wata matashiya mai fara'a, ta zaunar da shi a wani ɗan ɗaki mai tagar gilashi, ta sa masa na'ura a kunne.

"Papa, da kun ji ƙara, ku ɗaga hannu," ta ce da Faransanci, ni kuma na fassara masa da ƙarfi.

Ta zauna a waje tana fuskantarsa. Tana danna maɓalli, Baba na ɗaga hannu, ko sau ɗaya bai kuskure ba. Ta dube ni da mamaki. "Madam, ai Papa ya fi ni ji."

Baba ya fito yana gyara hula. "Kin gani ko? Kin sa na bar kasuwa a banza, da ke da bokonki."

Na ji kamar in fashe da dariya, domin na ga abin da ya yi. Kafaɗarta yake kallo. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gane mai saye daga motsin jiki tun kafin ya taya, danna maɓalli ai wasa ne a wurinsa. Na raɗa wa likitar, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce za a sake. Wannan karon ta juya kujerarsa, ya fuskanci bango.

Ta danna, hannun Baba na kan gwiwarsa. Ta ƙara ƙarfin ƙarar, ta sake ƙarawa. Ina kallon ƙeyarsa da furfurar da ke leƙowa ƙarƙashin hula, dariyata ta ɗauke, tausayinsa ya kama ni.

Can ya waiwayo ya ɗaga murya.

"Ke, gaya mata ta fara mana, mutane na jirana."