Zulai da Likitoci Biyu

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin ungozoma, wato sajfam kamar yadda muke cewa a nan, akwai wata Laraba da har yau ba ta fita raina ba. Ku da kuka shigo aiki kwanan nan kun tarar ana duba maman mace da eko, na'urar nan mai nuna hoton cikin jiki, kamar yadda ake auna mata hawan jini, sai ku ɗauka haka abin yake tun asali. Ba haka ba ne.

A lokacin ina aiki a wani asibiti cikin yankin Konni, ƙarƙashin babban likitanmu, Dokta Isufu. Dattijo ne mai sanyin hali, kuma Allah ya ba shi hannu. Muna da eko guda ɗaya a ɗakin awon ciki, masu juna biyu kawai muke dubawa da ita. Idan mace ta zo da kulluttu a mama, ga yadda ake yi: likita ya taɓa da hannu, ya ba da magani, in bai baje ba a tura ta Tawa. Da yawa ba sa zuwa. Abin da ba ya ciwo, ba a kuma gan shi da ido ba, da wuya ya raba mace da gidanta.

Wata ƙaramar likita, Dokta Nana, ta dawo daga horo a Yamai ta faɗa masa cewa eko na iya nuna ko kulluttu ruwa ne ko tsoka. Ya saurare ta da kyau, ya yi mata godiya, bai canza komai ba. Ba girman kai ba ne. Ya taɓa ce mini idonsa bai saba da hoton mama ba, kuma yana tsoron ya firgita mace da wata inuwa wadda shi kansa bai san fassararta ba.

Zulai ta zo mana daga wani ƙauye kusa da Dogarawa, tana goyon ɗiyarta Ramatu wadda ta fara rarrafe. Kulluttu ne a maman hagu. Tunda tana shayarwa, kowa ya ɗauka nono ne ya taru, aka ba ta magani. Farkon damina, ranar Larabar nan, ta dawo tare da mijinta Garba. Ba zazzaɓi, ba zafi, amma abin yana nan, har ya ɗan ƙara tauri. Dokta Isufu ya ce su tafi Tawa. Garba ya sunkuyar da kai, ya ce an yi ruwan shuka, in dai zato ne kawai a bari sai bayan noman farko.

Ana cikin haka Dokta Mamman ya shigo. Likita ne a yankin Illela, ya kawo motarsa gareji a Konni, ya biyo su gaisa da Dokta Isufu. Tare suka yi karatu a Yamai, shi ya sa suke kiran juna Promo, wato abokin aji. Na shiga buro, wato ofis, in tuna wa Dokta Isufu cewa Zulai na jira, na tarar yana ba abokinsa labarinta. Dokta Mamman ya tambaye shi ko ya sa mata eko. Dokta Isufu ya yi murmushi ya ce ai wannan zancen yara ne masu sabon karatu.

Sai Dokta Mamman ya ce shi ma yana yi tun bara. Wata likita ce a Malbaza ta koya masa. Ya ce ranakun Asabar yakan je ya zauna bayanta a kan benci kamar ɗan lakwal a gaban malamarsa, tana nuna masa, yana kuskure tana gyara masa.

Dokta Isufu ya ajiye kofin shayinsa, ya dubi abokinsa.

"Kai ma, Promo?"

"Ni ma, da furfurata. Tashi mu tai mu gani tare."

Ni na yi wa Zulai bayani, na ce baƙon likita ne, abokin namu, kuma na'urar ba ta yanka, ba ta da zafi. Ta yarda. Na rufe ta da zanenta, na bar wurin da za a duba kawai, na karɓi Ramatu na saɓa a kafaɗa. Abin da na lura shi ne Dokta Mamman bai karɓe aikin ba. Ya sa kan na'urar a hannun Dokta Isufu, ya ɗora nasa hannun a bisa, suna tafiya da ita a hankali. Yana faɗa masa ƙasa-ƙasa cewa ruwa baƙi ƙirin yake fitowa, da gefe sumul kamar bakin ƙwarya. Wannan kuwa ba baƙi ba ne, kuma gefensa ba daidai yake ba, kamar ya yi saiwa. Suka duba hammata. Ramatu kuwa tana ta wasa da ɗan kunnena.

Dokta Isufu ya ce in kira Dokta Nana. Da ta shigo ya matsa mata gefe ya ce, "Zo ki duba, ɗiyata. Ke kika fara gaya mini." Ta duba, ta ga abin da suka gani.

Ku riƙe wannan: eko ba ta cewa sankara ce. Sai an ɗebi ɗan nama an kai ɗakin bincike ake tabbatarwa. Haka Dokta Isufu ya faɗa wa Zulai, bai ƙara ba bai rage ba. Amma ya kira Garba ciki, ya nuna masa allon da yatsa, ya ce ga abin da ke jikin matarsa, kuma ba ruwan nono ba ne. Garba ya tsaya yana kallo. Can ya ce ƙannensa za su yi masa shuka, gobe da safe za su kama hanya.

 Sai da na miƙa wa Zulai yarinyar ta ɗago kai ta dubi Dokta Isufu.

"Likita, ɗiyar ga ta sha wanga ciwo cikin nono?"

Ya durƙusa daidai fuskarta ya ce, "A'a. Ba a shan shi a nono. Abin da kika ba ta lafiya ce kaɗai."

A nan ne ta yi kuka. Ni ma na juya na shiga goge na'ura.

Sankarar mama ce. Daga Tawa aka wuce da ita Yamai, aka cire maman, ta daɗe tana karɓar magani mai wahala, aka yaye Ramatu a hannun kakarta. Likitocin can sun ce ta zo kafin abin ya yi nisa. Bayan girbin shekarar da ta biyo baya ta shigo mana a rame, tana dariya, Ramatu na tafiya da ƙafarta riƙe da zanen uwar. Ta zo da yayarta, wadda ta daɗe tana ɓoye wani kulluttu. Dokta Isufu ya duba ta da eko, da hannunsa shi kaɗai. Ruwa ne, aka zuƙe shi, suka koma gida a ranar.

Tsakanin nan Dokta Isufu ya riga ya zama ɗalibin Dokta Nana, suna zama tare duk mako. A taron likitocin yanki ya tashi ya ba da labarin yadda ya koya, ya kuma gargaɗe su cewa wanda bai tabbata da abin da ya gani ba ya tambayi na kusa da shi, kada ya yanke hukunci shi kaɗai. Waɗanda suka daɗe suna jan ƙafa suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, don sun san shi ba mai rawar kai ba ne.

Abin da na koya shi ne likita ma mutum ne. Yana jin kunya ya ce bai iya ba, yana jin tsoron ya cuci wanda ya zo neman taimako. Bayani ko na gaskiya ne ba ya cire wannan tsoro, sai ya ga wanda ya yarda da shi ya riga shi shiga. Don haka in kun iya wani abu, kada ku tsaya kuna mamakin wanda bai iya ba. Ku ja kujera ku zauna kusa da shi. Akwai wata mace a layi tana jiran ku biyun.