Mai Marsandi a Saman Roka

Japhet ake kiransa a tashar Zuru. Da gani tsohon soja ne: ƙirji a gaba, takalmi na ƙyalli, kwat duk ta koɗe. Marsandinsa ba ta tashi, za a ɗora ta a babbar mota a kai ta Kanya, garinsu. Direba na nuna masa roka mai tamfol.

"Oga, hadari ya haɗo. A rufe ta."

"A rufe? To wa zai gani?"

Buɗaɗɗiya ya zaɓa. Wataƙila tun yana kurtu yake cika wa mutanen garinsu baki cewa da mota zai dawo. Ga shi can sama cikin Marsandin, an ɗaure ta da igiya kamar saniyar sayarwa. Ya zuro gwiwar hannu ta taga, yana murza sitiyari, yana ɗaga wa mutane hannu. Injin kuwa yana can ƙasa a garejin bakanike.