Igiyar da Illo Ya Ƙi Riƙewa

Illo mai haƙar rijiya ya yi shekara ashirin a ƙarƙashin ƙasa ba wanda ya san sunansa. Daga Isa har Sabon Birni, in rijiya ta ƙafe, cewa ake a kira masu yasa, kamar ana aiken a sayo gishiri. Tsoho Ɗanmusa na Kamarawa ne ya koya masa sana'ar, da dokokinta biyu: ba a sauka sai an zura fitila an ga ba ta mutu ba, kuma in na ƙasa ya girgiza igiya sau uku, shi yake so a fitar.

Shekarar da fari ya jera damina biyu, Alhaji Attahiru, mai shanu fiye da ɗari, ya kira Illo da ƙanensa Wada su ƙara wa rijiyarsa zurfi. Ya ce shanunsa ba za su jira wasan fitila ba. Wada ya sauka, aka fito da gawarsa. Alhaji ya ce kwana ne ya ƙare, ya aiko da buhun gero.

Da a da ne, nan maganar za ta tsaya. Amma yanzu Illo yana da wata waya mai fasasshen gilashi, masu rijiya kuma suna da guruf a WhatsApp. Bai iya rubutu ba, sai ya danna wayar ya faɗi yadda Wada ya mutu, yana kuka. Kafin la'asar muryarsa ta kai Bafarawa ta tsallaka Maraɗi. Aka yanke cewa ba mai sauka rijiyar Attahiru, ba kuma mai riƙe igiya ga wanda ya sauka.

Illo ya ji daɗin abin, ba ɓoyo. Shanun Alhaji suka fara faɗuwa, ana aiko masa da hotunansu yana turawa gaba. Mutumin da ko sallamarsa ba ya amsawa ya aiko dattawa har sau biyu, Illo ya bar su tsaye a rana.

Sai ga Ɗanmusa wata safiya, ya rame, igiya a kafaɗa. Shi ba ya cikin guruf, wayarsa ta haska hanya ce kawai. Ya ce rumbunsa ya yi wata biyu a wofi, Alhaji kuma ya yi masa alkawarin buhu uku na gero in ya sauka rijiyarsa.

"Illo, taho ka riƙa min igiya. Wuni guda na."

"Baba, in na riƙa maka yau, gobe wa za shi ji maganata?"

Tsohon ya juya ya tafi.

Masu kiwon Alhaji ne suka riƙe masa. Ya zura fitila, ta ci lafiya, ya sauka. Da ya tono laka, iskar ramin ta ɓaci, ya girgiza igiya sau uku. Shekara arba'in bai taɓa buƙatar bayyana wa kowa ma'anar wannan ba, don haka bai gaya musu ba. Suka ɗauka guga ne ya cika, suka jawo guga, suka zubar, suka mayar masa.

Illo ne ya sauka ya ɗauko gawarsa, a rijiyar da ya hana kowa shiga.

Bayan haka guruf ya ƙara ƙarfi. Ladan yasa ya ninka, ba mai kuɗin da ke musun fitila kuma, har sarkin rijiya suke ce wa Illo. Da yawa ba su san Ɗanmusa ba sai a hoton gawarsa, wanda wani ya rubuta wa maci amana a ƙasa. Illo ya gani, bai goge ba, don ya san tsoron hoton ne ke riƙe da su.

Har yau yana sauka rijiya, amma ya daina tsayawa a baki. In aka miƙo masa igiya, sai ya ce a ba wani, hannunsa na ciwo.